DARASIN WATA: DOGON BURIN HUKUMAR KARE MUHALLI DA AMANAR DA KE WUYANMU

Karatu: Farawa 2:4-15, Farawa 41:25-40, Luka 14:28-30.



A darasinmu na wannan wata za mu yi nazari a kan wata hukuma ta gwamnati wadda yawancinmu ba mu taɓa taka ƙofar ofishinta ba, amma aikinta ya shafi ruwan da muke sha, da ganyen da muke miya da shi, da iskar da jariranmu suke shaƙa. Muna nufin hukumar kare muhalli. Wani zai ce, ina ruwan mujallar dayosis da hukumar gwamnati? Amsa ita ce, ƙasar da hukumar take tsaro ta Allah ce, mutanen da take karewa kuwa an halicce su cikin kamannin Allah. Saboda haka wajibi ne Kirista ya san abin da aka kafa hukumar ta cim ma, ya san abin da ya kamata ta sa a gaba, ya kuma san nasa rabon aikin.

Abin da muke so mu riƙe daga darasin nan shi ne: burin kare muhalli ya fi gwamnati tsawon rai, ya fi ita kanta hukumar tsawon rai. Idan babu jama'ar da take tunawa da shi, tana tambaya a kansa, to, zai mutu a cikin takarda.

1. YADDA AKA HAIFI HUKUMAR

A shekarar 1988 aka gano cewa an yi ta shigo da dubban gangunan shara mai guba daga ƙasar Italiya ana jibge su a wani fili a ƙaramin garin Koko, a Jihar Bendel ta wancan lokaci, wato Jihar Delta ta yanzu. Nauyin sharar ya haura tan 3,500. Waɗansu gangunan sun fara yoyo saboda zafin rana da ruwan sama, ma'aikatan da aka sa kwashe su kuwa waɗansu sun ƙone, waɗansu sun kamu da rashin lafiya. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta matsa wa Italiya lamba har aka mayar da sharar inda ta fito. Sai dai abin ya tona wani asiri mai ban kunya: ƙasa mai girman Nijeriya ba ta da cikakkiyar doka, ba ta kuma da hukuma guda da aka ɗora wa alhakin hana irin wannan aika-aika.

Kafin shekarar ta ƙare aka fito da dokoki biyu. Dokar Soja mai lamba 42 ta haramta shigowa da shara mai guba, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya aikata. Dokar Soja mai lamba 58 kuwa ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wadda aka fi sani da FEPA. A 1989 aka ƙaddamar da Manufar Ƙasa a kan Muhalli. A 1991 aka fito da ƙa'idojin da suka wajabta wa masana'antu su tace dagwalonsu kafin su sake shi. A 1992 kuma Dokar Soja mai lamba 86 ta ce kada a fara wani babban aiki, kamar madatsar ruwa ko babbar hanya ko masana'anta, sai an auna illar da zai yi wa muhalli tukuna.

Ita FEPA ba ta daɗe ba. A 1999 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta narkar da ita cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A 2007, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka kafa Hukumar Tabbatar da Bin Ƙa'idojin Muhalli ta Ƙasa, wato NESREA, ta gaji aikin sa ido da hukunta masu karya doka, ban da abin da ya shafi man fetur da iskar gas. A nan Kano ma haka abin ya tafi. A shekarun 1990 muna da KASEPPA, wadda ta haɗa tsara birni da kare muhalli. Daga baya aka raba ayyukan, tsara birni ya koma hannun KNUPDA, kwashe shara kuma aka ba REMASAB.

Mu lura da abu biyu a cikin wannan tarihi. Na farko, bala'i ne ya haifi hukumar, sai da wuta ta kama gemu aka nemi ruwa. Na biyu, cikin shekara 20 kawai suna ya canza sau biyu, alhali kuwa itacen maɗaci da aka dasa ranar da aka kafa FEPA bai ma gama girma ba a lokacin.

2. MENE NE DOGON BURIN?

Manufar 1989 ta shimfiɗa buri guda biyar, waɗanda za mu taƙaita su da kalmominmu. Na ɗaya, kowane ɗan ƙasa ya sami muhallin da ya dace da lafiyarsa da walwalarsa. Na biyu, a yi amfani da albarkatun ƙasa da tsimi domin masu rai yanzu da waɗanda za a haifa nan gaba. Na uku, a farfaɗo da dazuzzuka da koguna da fadamun da suka lalace, a kuma kiyaye ire-iren halittun da ke cikinsu. Na huɗu, a wayar da kan jama'a domin su sa hannu cikin aikin. Na biyar, a haɗa kai da sauran ƙasashe, da yake hamada da iska da kogi ba su san iyakar ƙasa ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙarfafa wannan, inda ya ɗora wa gwamnati alhakin kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji.

Bayan waɗannan an ƙara waɗansu alkawura masu wa'adi. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa, wadda aka yi nufin ta ratsa nahiyar daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita kusan 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 na ƙasar da ta gaji kafin 2030. A 2015 Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki a jihohi 11 da ke bakin hamada: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. A 2021 kuma aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa zuwa 2060 hayaƙi mai ɗumama duniya da ƙasar nan take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba.

Sai mu yi lissafi. Wa'adin gwamna ko shugaban ƙasa shekara 4 ne, in ya yi yawa 8. Kasafin kuɗi na shekara 1 ne. Yaron da aka yi wa baftisma a shekarar da aka yi alkawarin Glasgow zai cika shekara 39 kafin wa'adin ya zo. Ke nan wanda ya yi alkawari ba shi zai cika shi ba, wanda zai cika shi kuwa ba ya nan lokacin da aka yi. Wannan shi ne raunin kowane dogon buri, kuma Littafi Mai Tsarki ya san da shi tun da daɗewa.

3. ABIN DA MUKA KOYA DAGA YUSUFU

A Farawa sura 41, Yusufu bai tsaya a fassara mafarkin Fir'auna kaɗai ba. Ya ba da tsari na shekara 14: a nemi mutum mai hikima a ɗora shi a kan aikin, a naɗa wakilai a ko'ina cikin ƙasa, a riƙa karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, a adana a birane domin shekarun yunwa. A nan muna ganin abubuwa huɗu da kowace hukuma take bukata: sanin abin da ke tafe, shugaba mai gaskiya, ma'aikata a wurin da aikin yake, da ma'auni bayyananne da kowa zai iya dubawa.

Mu yi tunani a kan shekara ta biyar ta ƙoshi. Rumbuna sun cika, damina tana kyau, ga wakilin sarki ya sake zuwa karɓar kashi ɗaya cikin biyar. Lalle akwai manomin da ya ce wannan zalunci ne, ina yunwar da ake ta faɗa? Haka mai masana'anta yake ji yau idan aka ce ya kashe kuɗi ya gina matatar dagwalo. Haka mai fili yake ji idan aka hana shi gini a kan hanyar ruwa. Amfanin aikin hukumar kare muhalli yakan zama abin da bai faru ba: annobar da ba ta ɓarke ba, gidan da bai rushe ba, rijiyar da ba ta ƙafe ba. Abin da bai faru ba kuwa ba a yanka masa ƙyalle a buɗe shi, ba a kuma cin zaɓe da shi. Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan Littafin Fitowa ya buɗe da labarin wani sabon sarki da ya hau gadon Masar bai san da Yusufu ba. Mantuwa ta shiga fada, abin da ya biyo baya kuwa bauta ce da kuka. Kowace sabuwar gwamnati tana iya zama sarkin da bai san alkawarin da aka yi kafinsa ba. Don haka ake bukatar masu tuni, kuma Ikilisiya ta saba da wannan aiki, da yake kowace Misa tunawa ce.

4. ME ZA A SA A GABA?

Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta kuɗin, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa ya zama abin dariya. Babu hukumar da take da kuɗi da ma'aikatan da za su ishe ta yin kome a lokaci guda. Dole ta zaɓa. To, da wane ma'auni? Koyarwar Ikilisiya ta ba mu guda biyu: a fara da abin da yake taɓa ran talaka, a kuma fara da ɓarnar da idan ta auku ba ta gyaruwa. Idan muka ɗora waɗannan a kan ƙasar Kano, ga yadda muke ganin jerin.

Na farko, ruwa. Kano ta yi suna da jima tun ƙarnuka da suka wuce, fatar da majemanmu suka jeme da bagaruwa ta ƙetare Sahara har Turai. Manyan majemun zamani kuwa, irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa, suna amfani da farar ƙasa da sinadarin salfa wajen cire gashi, da gishirin kuromiyam wajen jima. Idan ba a tace ruwan da ya fito daga wannan aiki ba, yakan ɗauki waɗannan sinadarai ya shiga rafi. Rafin Getsi yana kwashe na Bompai ya haɗu da Jakara, su tafi madatsar Wasai. Rafin Salanta yana kwashe na Sharaɗa ya zuba a Kogin Challawa. Daga Kogin Challawa da Kogin Kano ne matatun ruwan Challawa da Tamburawa suke ɗibar ruwan da birni yake sha. A gefen waɗannan rafuka kuma masu lambu suke noman latas da kabeji da alayyafo da karas, su kawo kasuwa. Illar ƙarfe mai nauyi ita ce ba ya ruɓewa kamar taki. Yakan kwanta a laka, ya shiga saiwa, ya shiga kifi, ya taru a jikin mai ci a hankali. Dokar da ta wajabta tacewa tana nan tun 1991. Abin da ake bukata shi ne matata mai aiki kullum, da ɗakin gwaji mai kayan aiki, da jami'in da zai auna ruwan ba tare da sanarwa ba, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Wanda yake shakkar haɗarin irin wannan guba, ya tuna da Zamfara. A 2010 aka gano cewa yara fiye da 400 sun mutu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Iyayensu suna niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta lalata kuwa ba ya dawowa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, garin Bagega kuma bai sami wannan gyara ba sai a 2013. Waɗanda suka fara lura da yawan mutuwar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Jihar Neja. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Na biyu, ƙasa da itatuwa. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane suka baro ƙauyuka suka cika birni. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Idan aka sare itace, iska takan kwashe ƙasar sama mai albarka, ruwan sama ya gudu bai nutse ba, rijiya ta yi zurfi, makiyayi ya rasa ciyawa ya matso gonar manomi, daga nan sai rigima. Shekara da shekaru ana bikin dashen itatuwa, manyan baƙi su dasa, a yi tafi, a watse, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da dashen. Ma'aunin gaskiya shi ne yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara 5.

A nan maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi suna da abin koya mana. Daga 1983 wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a ƙone tohon, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Suka kira shi sassaben zamani. Da gwamnati ta sassauta ta bar manomi ya ci moriyar itacen da ke gonarsa, sai abin ya bazu, har aka ƙiyasta ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya dawo gonaki, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, yana ba dabbobi abinci da rani. Wuƙa ce kawai da haƙuri da doka mai adalci. Darasi ga hukuma shi ne, itacen da mutum ya san nasa ne shi yake tsarewa.

Na uku, shara da magudanan ruwa. Kududdufan da ke cikin birni da kewayensa, waɗanda aka haƙa don ginin ƙasa, su ne suke shanye ruwan damina tun zamanin kakanni. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini. Lambatun da suka rage kuma leda da robar ruwa sun toshe su. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa; in an tare shi, sai ya shiga ɗakin mai gidan ƙasa. Ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro, wanda ya gauraya da bayan gida ya shiga rijiya yana kawo kwalara da taifot. Tun 1985 aka saba mana da tsabtar Asabar ɗin ƙarshen wata, amma yashe kwata a tara dattin a bakinta har ruwa ya mai da shi ciki aikin banza ne. Dogon buri a nan shi ne mota mai zuwa a kan lokaci, da juji na ƙa'ida nesa da rijiyoyi, da hana gini a hanyar ruwa ko mai ginin wane ne. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 23 ya umarci Isra'ilawa su keɓe wurin bayan gida a wajen zango su kuma rufe shi da ƙasa, dalilin da aka bayar kuwa shi ne Allah yana tafiya a tsakiyar zangon. Ashe aikin duba-gari yana da tushe a cikin Attaura.

Na huɗu, iska. Hayaƙin itace da gawayi a ɗakin girki yana cutar da huhun uwa da na goyon da ke bayanta. Hayaƙin janareta a rufaffen wuri yana kashe iyali cikin barci, da yake iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi. Ƙona taya da leda a juji yana watsa guba a unguwa. Murhu mai tsimin itace da sauƙin samun gas ɗin girki suna ceton huhu, suna kuma rage gatarin da ake kai wa daji.

5. KALMA GA MAZAUNA INUWA

Duk wanda ya ratsa Nassarawa GRA da tsakar ranar bazara ya san bambancin da itace yake kawowa. Manyan maɗatai da darbejiya da ke bakin titunan unguwar, waɗansu mutane ne suka dasa su tun zamanin Turawa, suka yi ta ba su ruwa, yawancinsu kuwa ba su zauna a inuwar ba. Wannan shi ne dogon buri da ake iya taɓawa da hannu. Amma muna gani ana yanka manyan filaye ana mai da su ƙanana, ana sare itatuwan da suka shekara 70 cikin yini guda, ana shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, kowane gida kuma yana haƙa rijiyar burtsatse. Ana zuƙar ruwan ƙasa, an kuma rufe hanyar da zai koma ciki.

A wannan unguwa Gidan Gwamnati yake, a nan kuma da yawa daga cikin masu sa hannu a takarda da masu masana'antu suke kwana. Waɗansunsu 'yan'uwanmu ne da muke durƙusawa tare a gaban bagade. Muna faɗa musu cikin ƙauna: sharar da ta bar ƙofarku ba ta ɓace ba, ta sauka a ƙofar wani. Dagwalon da ya bar masana'anta da dare yana komawa cikin miyar wani da rana, wataƙila ma cikin taku, tun da kasuwa ɗaya muke ci. Jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu a rahoton ƙarya ya sayar da lafiyar yaran da bai san sunansu ba, amma Allah ya san sunan kowannensu. Jami'in da ya ƙi karɓa kuwa, ko da an mai da shi baya wajen ƙarin girma, ya sani yana hidimar Allah kamar yadda Manzo Bulus ya kwatanta mai riƙe da hukuma a Romawa sura 13.

6. KOYARWAR IKILISIYA

Littafin Farawa ya nuna mana cewa an sa mutum a gonar Aidan da aiki iri biyu, nomawa da kiyayewa. Littafin Firistoci sura 25 ya umarta a bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai, ya kuma tunatar cewa ƙasa ta Allah ce, mu baƙi ne a kanta. Maimaitawar Shari'a sura 20 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Waliyi Faransis na Assisi majiɓincin masu kula da halitta. A saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, ya koyar cewa lalacewar muhalli matsala ce ta ɗabi'a da lamiri. Katikisim na Ikilisiyar Katolika ya sa kula da halitta a ƙarƙashin doka ta bakwai, wato wadda ta hana sata, a sakin layi na 2415 zuwa 2418. Ma'anar wannan a fili take: wanda ya gurɓata kogi ya saci ruwan jikokinsa. A 2015 Paparoma Faransis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', inda ya haɗa kukan ƙasa da na matalauta wuri guda, ya kuma keɓe 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin kula da halitta.

A kan wannan batu babu saɓani tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suke ɗaukar ƙasa amana, dashen itace kuma sadaka. Kwatar da ta toshe ba ta tambayar addinin gidan da za ta cika. Limami da fada da mai unguwa za su iya zuwa ofishin hukuma tare, muryarsu kuwa za ta fi nauyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. RABONMU NA AIKI

Kowace coci ta dasa itatuwa gwargwadon waɗanda za ta iya shayarwa, a damƙa kowane itace ga wani iyali ko wata ƙungiya da sunanta, a kuma ƙidaya masu rai a ranar 4 ga Oktoba, idin Waliyi Faransis, a karanta adadin a gaban jama'a kowace shekara. Zumuntar Mata ta jagoranci rage leda a bukukuwa da koyar da murhu mai tsimin itace. Matasa su ɗauki nauyin lambatun da ke kewaye da coci da makaranta, su tabbata an kwashe abin da aka yaso kafin ruwan fari. Katikis da malaman makarantunmu su koya wa yara sunan rafin da ruwan unguwarsu yake gangarawa ciki, da wanda yake zaune a ƙarshensa. Kwamitin adalci da zaman lafiya ya riƙa rubuta wa hukuma cikin ladabi, yana tambaya: nawa aka ware wa muhalli a kasafin bana, nawa aka saki, yaushe aka auna ruwan Getsi da Salanta, me aka samu? A ajiye kwafin kowace wasiƙa da ranar da aka aika. Idan sabon shugaba ya zo, a sake aikawa. Mai neman ƙuri'armu kuma mu tambaye shi alkawarin da ya tarar kafin ya ɗora mana sabo.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A cikin abubuwa huɗu da Yusufu ya tanada, wanne ne ya fi ƙaranci a hukumominmu, kuma me za mu iya yi a kai?
2. Ina sharar gidanmu take ƙarewa? Wa yake zaune kusa da wurin?
3. Itatuwa nawa cocinmu ta dasa cikin shekara 5 da suka wuce, nawa ne suke raye?
4. Idan aikinmu ne yake gurɓata ruwa ko iska, me lamiri yake bukata daga gare mu kafin mu matso teburin Ubangiji?

ADDU'A

Ya Allah Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, kai ka ba mu ruwa da gona da inuwa. Ka ba shugabanninmu hangen nesa irin na bawanka Yusufu. Ka ƙarfafa ma'aikatan hukumomin muhalli su yi gaskiya ko babu mai ganinsu. Ka ji ƙan yaran da guba ta raunana, ka ta'azantar da iyayensu. Ka sa mu bar wa 'ya'yanmu ƙasa mai rai. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.